Muciyar Barira

Ruwan ya ɗauke bayan isha'i, amma ba a dawo da wuta ba. Muka taru a zaure, mu bakwai, muna jin indararo yana ɗiga. Yaya Haladu, ɗan wan babanmu, ya kasa zama wuri ɗaya. Ya leƙa waje ya dubi wata, ya dawo, ya goge tafin hannunsa a riga. Can kuma ya sake leƙawa.

"Yaya, yi mana tatsuniya," in ji Lantana, autarmu.

"Ba ni da tatsuniya. Abin da ya same ni nake da shi. Wanda ya san zai jiƙa tabarma ya tashi tun yanzu."

Ba wanda ya motsa. Ya jingina da bango, ya rage murya, ya fara.

Kun san na yi gadi a Legas. Abin da ba ku sani ba shi ne dalilin da ya sa na dawo ko akwati babu.

Shekara uku ina cikin gari, nesa da ruwa. Sai aka mayar da ni wani fili a bakin teku. Da can fadama ce, aka cike ta da yashi ana gina benaye. Mu kuwa, masu gadi da 'yan garuwa da masu shayi, muna can ƙasa a ɗakunan katako, tsallaken wani kwari. Kwarin busasshe ne, yara ma ƙwallo suke bugawa a ciki. A can na ajiye matata Barira. Daren da nake ba ku labari, kwananta goma sha biyu da haihuwar Hansatu. E, Hansatun da ke barci a cikin gida yanzu.

Maƙwabciyarmu wata tsohuwa ce mai sayar da kifi, Iya muke ce mata. Da safe ta tare ni da guntuwar Hausarta.

"Mai gadi, yau wata ya cika. Ruwa babba zai zo. Ka kai matarka sama."

Na yi dariya. Ni da na tashi a bakin rafi, mai kifi ce za ta koya mini ruwa? Kun san yadda muke yi a nan. In rafin bayan gari ya cika, sai ka kafa sanda a bakinsa ka zauna. Da ruwa ya bar gindin sanda, ya fara janyewa ke nan. Ba a gudu, ba a kutsawa. Jira ake yi. Haka Baba ya koya mini, kuma sandarsa ta gora mai ɗaurin fata ita ce a hannuna nake gadi da ita.

Da zan fita na ce wa Barira, "Ko an yi ruwa, kada ki fita da jaririya. Ki kafa wani abu a bakin ƙofa, ki hau gado, ki jira. Zai janye."

"To," ta ce.

Kun san Barira. In ta ce to, ta ce ke nan.

Bayan magariba ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Awa uku bai tsagaita ba. Sannan ya ɗauke cak. Gajimare ya yaye, wata ya fito fari tas.

Hankalina bai kwanta ba. In zauna, in tashi. Na kira wayar Barira, a kashe. Na sake kira. Daga ƙarshe na bar musu gadinsu, na ɗauki sanda da tocila, na gangara.

Kwarin ya zama kogi. Tsallake duhu ne, ko aci-balbal babu. Sai na yi abin da na sani. Na kafa sandata a bakin ruwa, na tsuguna.

Na yi ƙulhuwallahu ƙafa uku, na duba. Ruwa ya haura gindin sandar da yatsa biyu. Na ce idona ne. Na cire, na ja baya, na sake kafawa. Kafin in gyara tsugunno ya sake kamo ta.

Ba a ruwa. Ba iska. Kuma ba daga tudu yake gangarowa ba kamar yadda muka saba. Hawowa yake yi, a hankali, ba ƙara. Na ɗiba na kai baki. Gishiri.

"Me kake jira, ɗan Hausa?"

Ban ji takunta ba. Mace ce doguwa, tana tsaye cikin ruwan, taku biyar daga inda nake. Ta lulluɓe da farin zane. Zanen a bushe yake, har gefen da ke kwance a kan ruwa. Hausarta irin ta kakanni, ba gargada. Muryar ce ba daidai ba. Kun san ƙarar da tulu yake yi in an danna shi cikin rafi kafin ya cika? A ƙarƙashin kowace kalma tata akwai wannan.

Na yi sallama. Ba ta amsa ba.

"Jira nake ruwa ya janye, Inna."

"Na sama ya gama. Wannan na teku ne. Ba ya komawa sai ya cika."

"Iyalina suna tsallake."

"Na sani. Can za ni."

Na kai hasken tocila ƙasa. Ko'ina ruwan yana motsi, yana jan leda da silifa. A wajen ƙafafunta kuwa kwance yake, kamar a cikin kwano. Ƙafafun kuma ban ga inda suka ƙare ba. Da hannuna na kashe tocilar.

"Yaya, ka gudu?" Lantana ta tambaya, ta ƙanƙame hannuna.

In gudu in je ina? Barira tana kan gado tana jiran maganata. Rufe baki ki ji.

"Akwai hanya," in ji matar. "Cire sandarka ka biyo ni. Hannunka na hagu zai riƙa samun abin kamawa. Kada ka saki ɗaya sai ka kama na gaba."

Na shiga. Gwiwa. Cinya. Ƙugu. Na miƙa hannu, na ji itace a kafe. Taku uku, ga wani. Taku uku, ga wani. Layi guda, kawunansu kaɗai suka fito. Wurin nan sau biyu nake bin sa kullum, ko tsinke ban taɓa gani a kafe ba. Duk inda itace yake, ƙasa da tauri. Sau ɗaya na kauce taku guda, ƙafata ba ta tarar da komai ba.

Hannu yana gane kayan gida ko a duhu. Wannan sandar makiyayi ce, ta sha riƙo har ta yi santsi. Wannan ƙotar fartanya. Wannan ta ɗan garuwa, ga gurbin igiya a bakinta. Duk kayan mutanenmu ne. Sai na kama wata gajera, mai faɗin kai. Na shafa. Muciya ce.

"Inna, na su wane ne waɗannan?"

"Na masu jira."

"Ina suke?"

"Suna jira."

Ban ƙara tambaya ba. Na ƙirga har arba'in da ɗaya, na daina ƙirga.

Muka hau zuwa unguwarmu, ruwan ya sauko gwiwa. Shiru. Kowa ya gudu. Ƙofofi a buɗe, tukwane suna yawo suna karo da juna. Ɗakinmu kaɗai ne a rufe. Itatuwan suka ƙare, saura gurbi ɗaya kafin ƙofa.

A bakin ƙofar, kan wani abu ya ɗan fito daga ruwa, bai fi yatsa uku ba. Na gane shi. Muciyar Barira ce, wadda innarta ta sa mata cikin kayan aure. Ta kafa ta kamar yadda na ce.

Daga ciki na ji kukan jaririya. Siriri. Kukan wadda ta gaji da kuka.

Matar ta tsaya tsakanina da ƙofar.

"Duk daren da teku ya cika haka, itace ɗaya nake ƙarawa a layina," ta ce. "Na yau ga shi nan. Da ruwa ya rufe kansa, nawa ne. Da mai shi, da abin da ke hannunta."

"Ba laifinta ba ne. Ni na ce ta jira."

"Na sani. Kullum akwai wanda ya ce."

Ruwa ya lashi kan muciyar, ya koma. Ya sake lasa. Saura yatsa ɗaya. Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba, kuma ban taɓa tsanar kaina haka ba.

"Itace kike so?" na ce. "Ga nawa."

Ta juyo gare ni. Ban ga fuska ba, lulluɓin ya yi zurfi.

"Ba a taɓa miƙo mini ba. Tsinta nake yi. Ka san abin da kake bayarwa?"

"Ban sani ba. Karɓi."

"Kafa da hannunka."

Na kafa sandar Baba a gurbin da ya rage. Ban ma danna ba, ta shige ƙasa kamar ana jan ta. Matar ta matsa gefe. Na dafa sandar, na tsallaka, na fizge muciyar, na bangaje ƙofa.

Barira tana tsaye a kan gado. Ruwa ya rufe katifa, ya kai mata idon sawu. Ta rungume Hansatu a ƙirji. Ba ta yi kuka ba. Da ma kukan ta yi, da ya fi mini sauƙi. Abin da ta ce har yau yana cina.

"Iya ta zo sau uku, Malam. Na ce mata ka ce in jira."

Na kwantar da Hansatu a bahon wanka, na ɗora a kai. Barira ta soke muciya a zaninta, ta kama bayan rigata. Muka biyo layin. A tsakiyar kwari ruwa ya kai mini ƙirji, ita kuwa wuya. Mai jego, kwana goma sha biyu, cikin ruwan sanyi. Ina jin tana karkarwa ta cikin rigata.

"Wa ya kafa waɗannan?" ta ce.

"Ke dai kama."

Matar tana gabanmu da farin zaninta. Barira ba ta ganinta. Har gobe cewa take mu biyu ne kawai da jaririya.

Da muka taka tudu, matar ta tsaya inda ruwa ya ƙare. Ba ta juyo ba.

"Sandarka tana layi," ta ce. "Mai sanda yakan zo wajen sandarsa. Ranar da ka biyo bakin ruwa kai kaɗai, wata a cike, za ka same ni."

Na waiga in ga ko Barira ta ji. Da na juyo, ba kowa.

Gari na wayewa ruwan ya koma kamar ba a yi ba. Ɗakinmu babu, sai turaku huɗu. Na duba kwarin daga nesa. Laka ce da leda, ko itace ɗaya babu a tsaye. A ranar muka sami tirelar da ta sauke shanu, muka hau, muka dawo gida.

Nan Yaya Haladu ya dasa aya. Indararo ya daina ɗiga, zauren ya yi tsit.

"Muciyar fa?" in ji Lantana, da ƙyar ake jin ta.

"Da me kike tsammani aka tuƙa tuwon da kika ci ɗazu har da ƙari?"

Ba wanda ya yi dariya. Ya miƙa hannunsa na dama inda hasken wata ya shigo, ya buɗe. Tafin a jiƙe yake. Ba gumi ba ne. Muna kallo ruwan ya taru a tsakiya, ya gangara ta tsakanin yatsu, ya ɗiga a tabarma. Wani ƙarni ya tashi, irin na ɗanyen kifi.

"Da wannan na kafa sandar Baba," ya ce. "Duk sha huɗu ga wata haka yake yi. Tuna mini take."

Ya goge a riga.

"To ku ji. In Allah ya kai ɗayanku bakin teku, ruwan can ba irin namu ba ne. In mutanen wurin suka ce ku hau sama, ku hau, ko da mai kifi ce ta faɗa. Kada ku bi bakin ruwa ku kaɗai wata a cike. Kuma wanda kuka san yana jin maganarku, ku yi tunani kafin ku ce masa ya jira."

Daga cikin gida muka ji muryar Barira.

"Malam, dare ya yi. Ka shigo."

Ya tashi. Ya kai bakin ƙofar da ke shiga tsakar gida, ya tsaya. Ruwan sama ya kwanta a wurin, bai kai idon sawu ba, ga wata a cikinsa zagaye. Daga nan zuwa ɗakinsa bai fi taku shida ba. Ya daɗe yana kallo. Mutumin da ko kare ba ya tsoro.

"Wa zai raka ni?" ya ce.

Muka tashi, mu bakwai.