Sandar da Ba Ta Kai Ba

A wani zamani, wani saurayi ya dawo ƙauyensu bayan shekara tara a aikin soja. Ya tarar an sare tsamiyar ƙofar gida, rijiyar hanyar masallaci ta ƙafe an bar ta baki buɗe, idanun mahaifinsa kuma sun mutu. Shi kuwa ya zama hafsa, yana da 'yar gajerar sanda mai kan azurfa. Zai ci abinci, sanda a hammata. Zai gaisa da mutane, sanda a hammata.

Ran nan tsohon ya laluba ya taɓa ta. Ya yi murmushi ya ce, "Ashe ka san tawa ta karye? Riƙe kan, in riƙe gindin, ka ja ni masallaci."

Saurayin ya janye ta. "Haba Baba, wannan ta girma ce, ba ta jagora ba. Gobe zan saro maka wata."

Gobe ta yi, bai saro ba. Jibi ma haka. Rana ta uku tsohon ya fita shi kaɗai yana lalube, sai aka ji ihu daga rijiya. Saurayin ya ruga ya kwanta a bakinta, ya miƙa sandar. Tsohon ya ɗago hannu, sanda ba ta kai ba. Kafin a kawo igiya, rai ya yi halinsa.

Bayan sadakar bakwai, yana ɗaure jakarsa, mahaifiyarsa ta ce, "Ka manta sandarka."

Bai waiwayo ba. Ya ce, "Bar ta nan, Inna. Ba ta kai ba."