Shagon da Aka Gina da Baki

A duk ajinsu ba wanda ya kai shi surutu. Shi ya sa 'yan ajin suka sa masa suna Rediyo. Yaro ne mai fara'a, ga ƙoƙari a karatu. Matsalarsa ɗaya ce: ba ya iya ba da labari yadda yake. In ya ga ɓera, sai ya ce ya kai kyanwa girma. In ya ga kyanwa, sai ya ce saura kaɗan ta kai akuya.

"Rediyo, rage gishiri," haka Malama take ce masa.

Shi kuwa sai ya yi dariya. A ganinsa wasa ne, ba wanda ya cuta.

Babansa mai gyaran keke ne, amma ba shi da shago. A ƙofar gida yake aiki, ƙarƙashin wata tsohuwar rumfar kwano. Yana da benci, da famfo, da akwatin sifanu. Akwai kuma kwanon ruwa da yake tsoma robar cikin taya, don ya ga inda iska take fita. In ana ruwan sama, rumfar takan yi yoyo. Sai a kwashe kaya da gudu a kai cikin gida, a jira ruwa ya ɗauke.

Kullum in Rediyo ya taso daga makaranta, yakan taya Baba aiki. Shi ke buga famfo. Shi ke miƙo gam in za a yi faci.

Wata rana Baba ya shigo gida yana ta murmushi.

"Ƙaramar hukuma ta gina sababbin shaguna a tsakiyar gari," ya ce wa Mama. "A babban layin nan na kusa da tashar mota. Masu ƙananan sana'o'i za a ba. An ce kowa ya rubuta abin da zai yi da shagon, kwamiti ya duba."

"Baba, wane ne Kwamiti?" ƙanwar Rediyo ta tambaya. "Yana da gemu?"

Mama ta yi dariya. "Ba mutum ɗaya ba ne. Mutane ne da aka zaɓa su zauna su duba, su ga wanda ya cancanta."

Da yamma Baba ya kira Rediyo, saboda rubutunsa yana da kyau. Baba yana faɗa, shi yana rubutawa. Baba ya ce zai riƙa gyaran keke. Ranar Asabar kuma zai riƙa koya wa yara yadda za su gyara kekunansu da kansu.

"Baba, mu ƙara cewa kana gyaran babur da mota mana," in ji Rediyo.

"Ka taɓa ganin na kwance mota?"

"A'a."

"To rubuta abin da na faɗa kawai."

Washegari suka je suka miƙa takardar a ofishin ƙaramar hukuma. Daga nan suka bi ta layin don su ga shagunan. Wurin cike yake da jama'a. Ga masu sayar da takalma, ga masu gyaran waya, ga motoci suna ta hon. Sababbin shagunan suna jere, an yi musu shuɗin fenti, kowanne da ƙofar ƙarfe.

Akwai wani a kan kwana, mai faffadar baranda. Baba ya daɗe a tsaye yana kallonsa.

"Ka ga wannan?" ya ce. "Duk mai keken da ya shigo gari sai ya bi ta gabansa."

"Namu ne, Baba."

"In Allah ya so."

Ba a daɗe ba 'yan kwamiti suka fara zagayawa, suna duba inda kowane mai nema yake aiki. Ranar da suka zo, Baba ya tafi sayo kayan gyara. Mama kuma ta kai ƙanwar Rediyo kitso. Rediyo kaɗai ne a rumfa, yana goge wani keke.

Wata mata mai tabarau ta sauko daga mota. Bayanta wani saurayi ne riƙe da biro da takarda.

"Sannu da aiki, yaro," in ji matar. "Ni ce shugabar kwamitin shaguna. Wannan sakatarenmu ne. Babanka yana nan?"

"Ya fita, ranki ya daɗe. Yanzu zai dawo."

Rediyo ya goge musu benci suka zauna. Shugabar ta ɗaga kai ta dubi rufin rumfar. Ta dubi hujojin da rana take shigowa ta ciki. Ta dubi tsohon famfon da aka ɗaure bakinsa da roba.

Kunya ta kama Rediyo. Ya ce a ransa, "Wa zai ba mai irin wannan rumfa shago a tsakiyar gari? Bari in taimaki Baba."

"Nan kaɗai babanka yake aiki?" ta tambaya.

"A'a, ranki ya daɗe," in ji Rediyo. "Nan ai wurin hutawarsa ne. Yana da babban shago a can bayan gari."

"Babban shago?"

"Ƙwarai. Da yara goma suna masa aiki. Akwai injin da ke hura taya da kansa. Keke ɗari ake gyarawa a rana."

Shugabar ta dubi sakatare. Sakatare ya duƙa yana ta rubutu. Da Rediyo ya ga haka, sai ya ji daɗi. Har ya ƙara da cewa shagon yana da fanka biyu.

"To, madalla," in ji shugabar. Ta miƙe. "Ka gaida babanka. Akwai sauran wuraren da za mu je."

Da Baba ya dawo, Rediyo ya ce masa, "'Yan kwamiti sun zo. Na yi musu bayani mai kyau."

"Allah ya yi maka albarka," in ji Baba.

Ranar zaman kwamiti, Baba ya sa rigarsa mafi kyau. Mama ta wanke wa Rediyo hannu da sabulu har baƙin mai ya fita. Suka tafi su duka.

Zauren taron ya cika. Ga mai gyaran agogo, ga wanzami, ga wata mata mai ɗinkin jakar makaranta. 'Yan kwamiti suna zaune a bayan dogon tebur. Ana kiran mutum, ya tashi ya yi bayani, a yi masa tambayoyi.

Can aka kira Baba. Ya tashi ya yi bayaninsa a natse. Da ya zo kan koya wa yara gyara, 'yan kwamiti suka riƙa gyaɗa kai.

"Tsarinka ya yi mana kyau," in ji shugabar. "Har mun so mu ba ka shagon kan kwana. Amma akwai matsala."

"Wace matsala, ranki ya daɗe?"

"Waɗannan shaguna na waɗanda ba su da shago ne. Kai kuwa mun ji kana da babba a bayan gari, da yara goma."

Baba ya waiwaya ya dubi bayansa. Ya ɗauka da wani ake magana.

"Ni?" ya ce. "Ranki ya daɗe, ban da komai sai rumfar ƙofar gida. Wa ya faɗa muku haka?"

"Ɗanka."

Rediyo ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Mama ta juyo ta dube shi.

A hankali Rediyo ya miƙe. Yaron da ba ya rasa abin faɗa, yau muryarsa da ƙyar take fita.

"Ba gaskiya ba ne," ya ce. "Babu wani shago. Ni na ƙirƙira."

"Don me?" shugabar ta tambaya.

"Na ga kina kallon rumfarmu. Na zaci in kin ga ba mu da komai, ba za ki ba mu ba."

"Har da fanka biyun?" in ji sakatare.

"Har da su."

Wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Shugabar ba ta yi ba. Ta cire tabarau ta goge.

"Na ji daɗi da ka tashi ka faɗa," ta ce. "Amma yanzu magana biyu ce a gabanmu. Aikin hukuma ba a yin sa da zato. Dole mu sake bincike. Mun ajiye maganar mai gyaran keke a gefe."

Aka ci gaba da zama. Kafin a tashi, aka ba mai ɗinkin jaka shagon kan kwana. Baba ya je ya taya ta murna.

Suka kama hanyar gida. Da suka isa, Baba ya cire rigarsa ya rataye. Ya fito ya zauna a benci. Rediyo ya tsaya daga nesa yana hawaye.

"Zo nan," in ji Baba.

Ya matso.

"Kunyar rumfar nan kake ji?"

Rediyo ya sunkuyar da kai.

"A cikinta na samo abin da kake ci. A cikinta na samo kuɗin littattafanka. Ni ban taɓa jin kunyarta ba."

"Baba, ka yi haƙuri. So na yi in taimake ka."

"Na sani. Shi ya sa ban yi fushi sosai ba. Amma ka ga, shagon da ka gina da baki ya rushe mana na bulo."

Mama ta leƙo daga ƙofa. "Ku shigo ku ci abinci," ta ce. "Kai kuma ka share hawaye. Wanda ya ɓata, shi ke gyarawa."

Washegari a makaranta Rediyo bai ce uffan ba. Har aka fita tara yana zaune a aji.

"Yau batir ya ƙare ne?" Malama ta tambaye shi.

Sai ya kwashe labarin duka ya faɗa mata. Wannan karon bai ƙara komai ba.

Malama ta zauna kusa da shi. "Ka san dalilin da ya sa nake maka faɗa kullum? Ƙaramar ƙarya tana koya wa harshe babba. Ka saba a wasa, shi ya sa ta zo maka da sauƙi ranar da ba wasa ake ba."

"Yanzu me zan yi, Malama?"

"Ka taimaka wa 'yan kwamiti su gano gaskiya. Wa ya san aikin babanka?"

"Maƙwabta. Da masu kawo gyara."

"To ka san inda za ka fara."

Da ya koma gida, ya nemi izinin Baba. Ya bi maƙwabta ɗaya bayan ɗaya. Ya je wurin mai shagon kayan masarufi. Ya je wurin tsohon direban da gidansa ke kallon nasu. Ko'ina sai ya faɗi abin da ya yi da bakinsa, ya roƙe su su shaida in 'yan kwamiti sun dawo. Abin da nauyi, amma ya daure.

Tsohon direba ya yi dariya har da tari. "Yara goma? Ni dai kai kaɗai nake gani, jikana. Je ka, zan faɗa musu."

Da 'yan kwamiti suka dawo, Baba yana nan. Maƙwabta suka fito suka yi bayani. Shugabar ta saurari kowa. Daga ƙarshe ta juyo wurin Rediyo.

"To, yanzu gaya mini. Yara nawa ke taya babanka?"

"Ni kaɗai, ranki ya daɗe. Ƙanwata tana zuwa, amma ita ɓatar da sifana take yi."

"Keke nawa kuke gyarawa a rana?"

"Ban taɓa ƙirgawa ba. Wata rana da yawa, wata rana kaɗan."

"Wannan amsa ta fi ta farko," in ji shugabar. Ta yi murmushi.

A zama na gaba aka ba Baba shago. Ba na kan kwana ba ne. Na ƙarshen layi ne, kusa da wanzami, kuma bai kai wancan girma ba. Amma yana da ƙofa mai kyau da wurin jingine kekuna.

Ranar da suka tare, Mama ta share ciki tas. Mai ɗinkin jaka ta zo yi musu barka, ta kawo wa Baba jakar zuba kayan aiki. Wanzami ya leƙo ya ce kekensa zai zama na farko.

Ranar Asabar yara suka cika gaban shagon. Baba yana koyarwa, Rediyo yana taimaka masa. Ana cikin haka wani mutum ya turo kekensa.

"Yaro, ka iya gyaran burki?" ya tambaya.

Rediyo ya buɗe baki, sai kuma ya ɗan tsaya.

"A'a," ya ce. "Ban iya ba tukuna. Amma Baba ya iya. Zauna, in kira maka shi."

Mutumin ya zauna. "Na ji daɗin wannan wuri," ya ce. "Nan zan riƙa kawo gyara."

Baba ya ji su daga ciki. Ya fito yana goge hannu, ya dafa kan ɗansa.

Rediyo bai daina surutu ba. Har yau shi ne mai ba da labari a ajinsu, kuma ana dariya kamar da. Sai dai ya koyi darasi. Ƙarya ba ta taimakon kowa, ko da an yi ta da niyya mai kyau. Faɗi abu yadda yake, kuma kada ka ji kunyar sana'ar iyayenka.