Mai Shaida a Cikin Silin

Yammacin ranar bai bambanta da sauran ba. Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa, matar direba tana kwashe shanya a tsakar gida, autarta kuma, budurwar da ta gama sakandare, tana zaune bakin ƙofar falo tana tsefe kanta. Maigidan yana kan hanya da babbar motarsa kamar kullum. Sai dutse ya faɗo a kan kwano. Uwar ta ce yaran maƙwabta ne, ta ci gaba da ninke zani. Na biyu ya faɗo, na uku ya biyo shi, sannan ta lura ƙarar ba daga waje take zuwa ba. Daga cikin silin ake jifan kwanon, daga ƙasa zuwa sama.

Ƙwan wutar falo ya kama da kansa, ya mutu, ya sake kamawa. Auta ta ajiye matsefi a hankali, ta ɗaga kai tana kallon 'yar murabba'ar ƙofar silin, ta ce da wata murya mai kauri wadda ba tata ba: "Kin sake cewa ba ki gan shi ba."

Kayan shanyar suka zube daga hannun uwar.

Ta san abin da ake nufi, Allah ya raba mu da abin da za mu ji kunyarsa. Shekarun baya, tun Auta tana goye, an kashe mai kemis na bakin layi a cikin shagonsa dab da magariba. 'Yan sanda suka kama wani saurayi mai gyaran wutar lantarki da ake kira Mai Waya, saboda an ji sun yi cacar baki da mamacin. Ya rantse cewa a daidai lokacin yana cikin silin gidan direba yana ɗaure wayar da ɓera ya ci. Gaskiya kuwa ya faɗa. Amma direba mutum ne mai zafi, ya kafa doka cewa in ba ya gari ko ɗan'uwansa kada ya wuce zaure. Matar kuwa duhu ya dame ta ga jaririya, ta kira yaron ya gyara. Da masu bincike suka tambaye ta, a gaban mijinta da rabin unguwa, bakinta ya ce babu namijin da ya taka mata gida. Mai Waya ya yi shekara da shekaru a tsare yana jiran shari'ar da ba a yi ba, daga baya aka sake shi don babu hujja. Unguwa dai ta riga ta yanke nata hukuncin. Wanda ya yi kisan kuwa babu wanda ya ƙara nemansa.

To, da safiyar wannan ranar wani sabon jami'i mai farin kaya ya zo, ya ce an ba shi tsofaffin shari'u ya sake dubawa. Ya tambaye ta cikin ladabi. Ta sunkuyar da kai ta maimaita abin da ta faɗa a da.

Daga nan gidan bai ƙara ganin magariba lafiya ba. Da zarar inuwa ta cinye tsakar gida sai jifa ya tashi, a ji kamar ana jan waya a saman silin, ana tafiya da gwiwa daga wannan kusurwa zuwa waccan. Auta ta daina cin abinci. Takan tsaya a tsakiyar falo da hannuwa a sama kamar mai riƙe wa wani fitila, har ƙafafunta su kumbura. Uwar ta rufe tagogi, ta ƙure rediyo. Maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana tambayar ko lafiya, ta ce mata zazzaɓi ne, kuma kwanon ne ke ƙara in ya huce daga zafin rana. Tana faɗa tana jin fuskarta kamar an watsa mata ruwan zafi.

Da direba ya dawo ya ga yadda 'yarsa ta rame, ko takalmi bai cire ba ya juya. Ya dawo da wani malami, dattijo siriri mai magana ƙasa-ƙasa, wanda aka sani da iya irin wannan aiki. Suka iso ana shirin kiran salla. Malamin ya sa aka shimfiɗa tabarma, aka lulluɓe yarinyar da mayafi, ya zauna gefe ya fara karatu. Ya daɗe yana yi. Gidan ya yi tsit, ko kazar maƙwabta ba a ji. Can sai jikin Auta ya sandare, muryar nan ta fito.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wane ne kai?"

"Ni ma mai gidan nan ne. Na riga su zuwa. A sama nake da iyalina, ban taɓa taɓa musu ko cokali ba."

"To me yarinyar nan ta yi maka?"

"Ba ta yi mini komai ba."

"Ashe kai azzalumi ne."

Sannan muryar ta ce, "Na yi jifa, uwarta ta ce yara ne. Na yi tafiya a kanta, ta ce ɓera ne. Ba ta jin kowa sai 'yarta, shi ya sa na ari bakin."

Direba ya juyo ya dubi matarsa. Ita kuwa tana durƙushe jikin bango, ta cusa bakin mayafi a baki.

Aljanin ya ci gaba, a hankali, kamar mai ba da labarin da ya gaji da riƙewa. Ya ce masu gyara da yawa sun hau silin nan, su shigo da ashar, su tattake masa 'ya'ya. Mutum ɗaya ne kaɗai ya yi sallama kafin ya sa kai, ya ce, masu wuri ku yi haƙuri, aiki zan yi in fita. Ya bi gefe-gefe da gwiwa, bai taka kowa ba. "Yana tare da mu har aka idar da salla. Matar nan tana ƙasa tana haska masa fitila. Na yi haƙuri da farko, na ce tsoro ne. Amma an sake ba ta dama ta sake binne shi."

"Ke," in ji direba. "Gaskiya ne?"

Ta dubi ƙafafun 'yarta da suka leƙo daga ƙarƙashin mayafi, sun kumbura sun yi sanyi.

"Gaskiya ne, Baban Auta," ta ce. "Ni na kira shi. Kunyarka da tsoronka suka sa na ce ban gan shi ba."

Direba ya zauna daɓas a ƙasa. Sannan ya ɗago ya ce wa wanda ke cikin 'yarsa, "To in ka san wannan, wa ya kashe mai kemis?"

"Ina cikin silin ɗinka, ta yaya zan sani? Wanda bai kashe ba shi na sani."

Malamin ya ɗaga hannu. "Ko ka faɗa ba za mu kama kowa da maganarka ba. Me kake so ka fita?"

"Ta tsaya a bakin layi, inda ta ƙaryata shi, ta faɗa wa kowa."

"A'a. Ba a gyara zalunci da tozarci. Za ta je wurin jami'in, za ta je wurin mutumin, mijinta zai raka ta. Ni ne shaida. Kai kuma ka fita yanzu, ba za ka jira ka gani ba, don yarinyar nan ba jingina ba ce."

"In ta fasa fa?"

"Ba za ta fasa ba," in ji direba. "Da dokata aka yi wannan ɓarnar."

Malamin ya sa aljanin ya rantse ba zai ƙara shiga jikin kowa ba. Ya rantse. Auta ta yi atishawa mai ƙarfi, yatsan ƙafarta ya karkaɗa, jikinta ya saki. Ta buɗe ido ta ce, "Umma, ƙishirwa nake ji." Uwar ta kawo ruwa, rabinsa ya zube a hanya.

Washegari suka tafi ofis, direba a gaba, matarsa a baya. Jami'in ya saurare ta har ƙarshe bai ɗaga murya ba, abin da ya fi mata zagi ciwo ke nan. Ya ce yanzu sai su koma neman mutumin da ya kamata a nema tun farko, in yana raye, in kuma akwai sauran mai tunawa.

Daga can suka wuce bayan kasuwa, inda Mai Waya yake zama a ƙarƙashin wata rumfa yana gyaran tsofaffin fankoki, don babu mai yarda ya shigar da shi gida. Kansa ya yi furfura. Ta durƙusa a kan ƙasa mai baƙin mai, a gaban masu wucewa, ta faɗa masa abin da ta yi da inda ta fito yanzu. Bai daina murɗa sukurun da ke hannunsa ba sai da ta gama.

"Tashi, Hajiya, kada zaninki ya ɓaci," ya ce. "Na yafe miki tun ina ciki, don in iya barci."

Ya ajiye sukundireba, ya goge hannunsa da tsumma, ya dube ta karo na farko.

"Da dai kin zo kafin Innata ta rasu. Har ta koma ga Allah tana tambayata in faɗa mata gaskiya."