Ƙafar da Ta Taka Layi

A shekararta ta biyu a kwaleji, yarinyar ba ta da ƙawa ko ɗaya, sai ciwon baya da ta samu daga zaman ɗakin gwaje-gwaje tun safe har la'asar. Shi kuma ɗalibin lissafi ne, gwanin ƙwallon raga a da, har gwiwarsa ta hagu ta goce likita ya hana shi tsalle. Abin da ya rage masa a fili shi ne alƙalanci, shi ya sa kowa ke kiransa Mai Usur.

Nas ɗin asibitin makaranta ce ta ce mata ta bar shan ƙwayoyi, ta je ta motsa jiki. Ta je filin ranar da sashen kimiyya ke neman 'yan mata don gasar sassa, da takalmin zuwa aji a ƙafarta.

"Da wannan takalmin za ki yi tsalle?" Mai Usur ya tambaye ta.

"Malam, ni bayana na kawo a gyara, ba kofi nake nema ba."

Aka cillo mata ƙwallo, ta daka tsalle ta doke ta can bayan raga. Ya manta bai busa usur ba.

"Ashe barewa ce," ya ce. Sunan kuwa ya bi ta.

Kafin ƙarshen zango bayan ya warke, ta yi ƙawaye, wayarta kuma ba ta hutawa da saƙonninsa.

"Barewata, kin miƙe jijiyoyinki kafin atisaye? Kar ki zama gurguwa irina."

"Na miƙe, Alƙalina. Gurgun da ya fi masu ƙafa biyu kyau."

Da ta kai maganarsa gida, mahaifinta, wanda tela ne, bai ko ɗaga ƙafa daga keken ɗinki ba.

"Na tura ki karatu, kin kwaso mini mai hura usur? Mutumin da rayuwarsa wasa ce, auren ma wasa zai ɗauke shi. Kada in sake ji."

Umma ta yi mata alama da ido ta yi shiru. Ita ce daga baya ta lallaɓa shi ya karɓi ɗinkin rigunan 'yan wasan sashen, wai ko don 'yarsa ta fita kunya.

Ƙa'idar gasar ita ce sashen da ba ya cikin wasa shi ke ba da alƙali. Wasan ƙarshe ya faɗo tsakanin kimiyya da harsuna, lissafi kuma ya ba da Mai Usur. Kyaftin ɗin harsuna wata ce da ake kira Doguwa, wadda ta daɗe tana kawo masa ruwan sanyi a bakin fili, ba ta ɓoye wa kowa abin da take nufi ba.

Wasa ya yi zafi har ya zama maki ɗaya ne zai raba su, bugun kuma na Barewa. Ta ja da baya, ta rugo, ta buga. Ƙwallo ta dira inda babu kowa. 'Yan kimiyya suka fara ihu, sai usur ya katse su. Mai Usur ya nuna layin baya: ta taka kafin ta buga. Makin ya koma wa harsuna, suka ƙarasa wasan, suka ɗauki kofi.

"Allah ya saka da alheri, Alƙalinmu!" Doguwa ta faɗa da ƙarfi, don wadda ake so ta ji ta ji.

Saƙonsa ya shigo kafin ta isa ɗaki.

"Barewata, wallahi ban taɓa busa usur mai nauyin na yau ba. Amma kin taka."

"Ka je wadda ka ba kofi ta ci gaba da ba ka ruwa."

Ta rufe lambarsa. Aka yi hutu ta koma gida, ba ci ba fara'a. Wata safiya tana share ƙyallaye a shagon mahaifinta da ke ƙofar gida, ya dube ta ta saman tabarau.

"Ina ɗan usur ɗin nan naki?"

"Mun rabu, Baba. Hankalinka ya kwanta. Ya zalunce ni a gaban jama'a saboda wata."

Ya tsayar da keken.

"Kin taka layin."

Tsintsiya ta faɗi daga hannunta.

"Ranar na kai rigar wata yarinya da na rage wa hannu. Na ce bari in tsaya in ga shirmen. A bayanki nake tsaye, uwata. Babban yatsanki ya hau layi kamar faɗin kalmasa. Ni da nake bin layi da allura tun ba a haife ki ba, zan kasa gani?"

"To me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

"Ina ta shawara da zuciyata ne. Na ga yaron ya kai usur baki. Ya san abin da zai rasa, ba wanda zai kama shi in ya yi shiru, amma ya busa. Ita doguwar ta miƙa masa ruwa, ko kallonta bai yi ba, ke yake bi da ido yana ɗingishi." Ya gyara zaren. "Na ce masa ɗan wasa. Na janye. Ki ce ya turo manyansa."

Umma, da ke laɓe a bakin ƙofa, ta saki ajiyar zuciya. "Alhamdulillahi! Na gaji da dafa abincin da ba a ci."

Barewa ta ɗauko wayarta ta buɗe lambarsa.

"Alƙalina, na taka. Ka yafe mini?"

Amsa ta zo nan take. "Barewata, tun ranar ban iya taɓa usur ba. Wa ya gaya miki?"

"Surukinka. Ya ce ka turo manya."

"Ki rantse! Yau ko likita bai isa ya hana ni tsalle ba."

Bayan sun kammala karatu aka ɗaura aure. 'Yan wasan sassan duka suka zo, har da Doguwa, wadda ta rungume amarya tana dariya ta ce, "Ni na ɗauki kofi, ke kin ɗauki alƙalin. An cuce ni." Baba da kansa ya ɗinka kayan ango. Ya dafa kawunansu ya ce, "Allah ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari. Kai kuma, in ta taka layi ka faɗa mata, amma a hankali, ban da usur."

Kowa ya ce amin cikin dariya. Amarya ta share hawaye tana kallon mahaifinta. A ranar ta gane cewa Baba bai taɓa ƙin wasa ba, tsoro yake kada ya miƙa 'yarsa ga wanda ba zai gaya mata gaskiya ba.