Wayar Da Ta Yi Ƙara a Sito

Ranar da ya fara ganinta tana tsaye a kan kujera, tana jera kwalaben maganin tari a katakon sama. Shi kuma ya shigo kemis ɗin da jakar takardun talla a kafaɗa, gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

Ya yi sallama, ta amsa ba ta juyo ba.

"Daga kamfanin manhajar tsaro nake," ya ce. "In wani abu ya same ki, jan maɓallin nan kawai za ki danna a wayarki, mu turo miki taimako."

Ta sauko, ta dube shi sama da ƙasa, sannan ta zura hannu ƙarƙashin tebur ta zaro sandar ƙarfe mai ƙugiya, wadda take jawo ƙofar shago da ita.

"Ga manhajata. Ba ta cin data, caji ba ya ƙare mata."

Dariya ta ƙwace masa, takardun suka zube ƙasa. Ta taya shi tsincewa tana murmushi ƙasa-ƙasa. Tun daga lokacin zuciyar bawan Allahn nan ba ta sake zama tasa ba.

Asalin aikinsa a ɗakin karɓar kira ne, tebur na uku daga ƙofa, ranar Asabar kaɗai ake tura su talla. Da ya gaya mata, ta raɗa masa Layi Uku. Shi kuma yake ce mata 'Yar Kemis, in kuma soyayya ta motsa ya ce Maganina.

Ya riƙa ƙirƙiro ciwo kala-kala don ya samu hanyar zuwa. Yau ciwon kai, gobe mura, jibi ƙaiƙayin ido. A mako na uku ta turo masa saƙo:

"Layi Uku, kwalin maganin ciwon kai biyar ka saya, ko ɗaya ba ka buɗe ba. Ka faɗi abin da ke damunka kafin ka buɗe naka kemis."

Ya mayar mata: "Ciwon a ƙirji yake, kuma mai maganin ce ta sa min shi."

"Allah ya shirye ka," ta rubuto. Bayan minti ɗaya wani ya shigo: "Gobe ka zo, ba sai da ciwo ba."

Mahaifinta tsohon ɗan sanda ne, kowa Sajan yake ce masa har bayan ritaya. Ranar da Layi Uku ya je gaishe shi, ya durƙusa a falo gaban wani hoto na Sajan cikin kaki, tsohon ya tambaye shi aikinsa. Yana jin amsar ya ɗaure fuska.

"Wato ku ne masu sayar da tsoro."

"Baba, taimako muke haɗa mutane da shi."

"Tsaron rai aikin hukuma ne, yaro. Shekara talatin da biyu na yi a kansa. Ran da aka ce sai mutum ya sayi tsaro kamar katin waya, ran nan an gama da talaka. Ku kun zauna cikin sanyi kuna danne-danne, wa kuka taɓa tarewa da ƙirjinku?"

'Yar Kemis na bakin ƙofa da tire a hannu, ta ce, "Baba, ni fa daga ku har su, hannuna na fi yarda da shi."

"Ke kuma rufe min baki, uwar tsiwa."

Sajan yana da nasa ɗan takarar, wani matashin Sufeto da ke ofishin 'yan sandan unguwa, mai gogaggen kaki da iya gaisuwa. Kullum zancensa ke nan: ga mutumin da zai tsare masa 'ya. Ita kuwa in Sufeto ya zo, sai ta ba shi ruwa ta koma ɗaki.

Wata rana ta miƙa wa Layi Uku wayarta ta ce ya saka mata manhajar.

"Ba don kamfaninku ba. Don in na danna, na san kai ne a can."

Ya saka mata yana jin kansa kamar wani sarki. Da ya san abin da ke tafe, da ya jefar da wayar a kwata.

Akwai wata doka a ɗakin karɓar kiran. 'Yan sanda sun yi ƙorafin cewa yawancin ƙararrawar da ake turo musu ta banza ce, waya ce ta dannu a aljihu ko yara ke wasa, suka ce ba za su ƙara tayar da mota ba sai an tabbatar. Shi ne kamfani ya ce duk ƙararrawar da ta shigo, sai an fara kiran mai wayar an ji ta bakinsa. Kiran tabbatarwa suke ce masa. Wanda ya tsallake shi, takardar gargaɗi. A wata goma sha ɗaya Layi Uku ya danna wannan kiran sau dubbai, har yatsansa ya daina neman izinin kansa.

Ranar wata Laraba ce, rana tsaka, titi ya yi tsit. Maza biyu suka shigo kemis ɗin, ɗaya ya jawo ƙofa ta sauko rabi. 'Yar Kemis tana cikin sito tana duba kwanan watan magunguna, ta hango wuƙa ta madubin da ke bango. Ta lallaɓa ta jawo sandarta da ke jingine a bakin siton, ta durƙusa bayan kwalayen ruwan ƙarin jini, ta danna jan maɓallin. Ba su san tana ciki ba. Kwalaben maganin tarin da suka zo nema suke zubawa a buhu, da sun gama sai su tafi.

A tebur na uku allo ya yi ja. Ya ga sunanta, ya ga shagon a taswira. Kafin ƙirjinsa ya gama bugawa, yatsansa ya riga ya danna.

Wayarta ta yi ƙara a bayan kwalaye.

Abin da ya ji a kunnensa bayan nan, bai taɓa iya gaya wa kowa ba. Ya tura wa 'yan sanda, ya jefar da abin sauraren kira da ke kunnensa, ya fita a guje.

Ta kare kanta, wannan kam babu mai musu. Na farko da ya leƙo ta sauke masa sandar a dantse, ƙashi ya karye. Na biyu ya kawo wuƙa ta tare da hannun hagu. Ya gudu ya bar ɗan'uwansa a ƙasa, ita kuma ya bar ta da yatsu biyu da ba za su sake lanƙwasuwa ba. Mai walda na maƙwabta ne ya kai ta asibiti, shi ya sa Layi Uku ya tarar da shagon babu ita, sai jini. Motar 'yan sanda ta iso bayan minti hamsin.

Washegari aka ce ta je ta ba da bayani. Sajan ya raka ta, ya zauna a benci awa huɗu a ofishin da a da ake sara masa. Sufeto ne da kansa ya ɗauki bayanin, ya juya sandar a kan tebur.

"Wannan a doka makami ce. Me ya sa kika yi dukan da har ƙashi ya karye? Ba ki san aikinmu ba ne wannan?"

Sajan ya miƙe. "Ina kuke da ake yanka ta?"

"Motar ta fita wani aiki, Baba. Ka fi ni sanin yadda abin yake."

Ai kuwa ya sani, shi ya sa ya koma ya zauna. Aka riƙe sandar a matsayin shaida. Suna hanyar gida saƙo ya shigo wayarta daga kamfanin: "Muna fatan kin gamsu da hidimarmu. Ba mu tauraro daga ɗaya zuwa biyar." Ta karanta wa mahaifinta.

Layi Uku kuwa ya ɓace. Ya je asibiti ranar, ya hango ta daga ƙofa ana naɗe mata hannu, ya kasa shiga. Kwana biyar babu shi babu saƙonsa. A cikin kwanakin Manajan kamfanin ya kira shi ofis ya tura masa takarda a gabansa, an rubuta cewa laifin mai wayar ne da ba ta kashe ƙararta ba.

"Sa hannu kawai. Kai doka ka bi, babu ruwanka. Babu wanda zai san wane tebur ne ya kira."

Ran na shida saƙonta ya shigo:

"In hannun ne ya kore ka, ka faɗa min. Na fi son magani mai ɗaci da a bar ni ina jira."

Ya karanta ya yi kuka kamar ƙaramin yaro. Da zai yi shiru, da ya same ta cikin sauƙi: ya je da 'ya'yan itace, ya taya su zagin kamfani, shi ke nan. Ya sani sarai. Da la'asar ya je gidan ya durƙusa inda ya durƙusa ranar farko. Tana zaune gefen mahaifinta, hannun a rataye a wuya.

"Baba, kiran da ya tona ta, ni na yi shi."

'Yar Kemis ta ɗago ta dube shi.

"Ka ga sunana?" ta ce.

"Na gani."

"Ka san ni ce, ka kira."

"Hannuna ya riga ni, Maganina. Ba ni da wata hujja."

"Kar ka ƙara kirana da sunan nan." Muryarta ba ta ɗaga ba. "Ina bayan kwali ina cewa a raina, yanzu ya gani, yanzu zai turo. Da sandata kaɗai na dogara, da yatsuna suna nan. Kai na yarda da shi."

Ta tashi ta shige ɗaki. Sajan bai kore shi ba, bai kuma ce ya tashi ba. Shi ya gaji da durƙuso ya fita.

Bai sa hannu a takardar Manaja ba. Ya rubuta tasa, ya faɗi abin da ya faru, ya ce dokar za ta kashe wani wata rana. Aka gode masa, aka karɓe katin shiga ofis. Dokar tana nan yadda take, an sa wani a tebur na uku.

Bayan wata biyu ta koma shago. Tun ranar ba ta ƙara barin wayarta ta yi ƙara ba, ko ta wani ce ta yi ƙara kusa da ita sai ta tashi ta bar wurin. Ƙofar shagon ma ta gagare ta, sai ta roƙi mai walda ya jawo mata.

Wata safiya ta tarar da sabuwar sanda a jingine. Ta fi tsohuwar rashin nauyi, an naɗe mariƙinta da roba, an sa mata madaurin fata da ake zura wuyan hannu, yadda hannu ɗaya zai iya da ita. Babu takarda a jiki. Mai walda ya ce Layi Uku ne ya sa shi ya ƙera ta, sau huɗu yana dawo da ita a gyara, yana gwadawa da hannu ɗaya, ɗayan a aljihu.

Ta kai wa mahaifinta. Ya daɗe yana jujjuya ta.

"Na je ofishinmu, babu wanda ya ɗauki laifin ya ce ni ne. Kamfaninsu ma babu wanda ya ce ni ne. Ni kaina a shekara talatin da biyu na sha bin doka in cuci mutum, ban taɓa komawa na faɗa ba. Yaron nan kaɗai ya zo da ƙafarsa. Ba zan ce ki yafe ba, 'yar nan, hannunki ne. Amma ni na janye adawata da shi."

Ta yi mako guda tana jawo ƙofa da sandar. Sannan ta rubuta masa:

"Ban huce ba. Wataƙila ba zan taɓa hucewa duka ba. Amma na gwada ƙinka, ya fi hannun ciwo. Sharaɗina ɗaya: har mu mutu, ba za ka sake kirana a waya ba."

Ya mayar: "Na ji, na ɗauka."

Aka ɗaura auren ba tare da wani taro mai yawa ba. Lokacin ya samu aiki a wani shagon gyaran waya. Sajan ya riƙe hannayensu biyu, nata mai tabo a sama, ya yi musu addu'a.

"Allah ya yi muku albarka. Allah ya tsare ku da tsarewarsa, don ni dai ban san wani mai tsaron ba kuma."

Ranar farko da ya koma aiki bayan biki, ya dawo da yamma ya tarar ta kulle ƙofa ta ciki, kamar yadda take yi yanzu ko da rana. Ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa, ya fasa. Ya ciro waya ya rubuta:

"Ni ne a ƙofa. Ba sauri nake ba."

Wayarta ta haska a kan tebur ba tare da ƙara ba. Ta karanta, ta ajiye sandar da ke kan cinyarta, ta tashi ta zare sakata da yatsu uku.

"Sannu da zuwa, Layi Uku."

Ya buɗe baki ya rufe, yana tsoron sunan. Ta gane, idonta ya ciko.

"Faɗa mana."

"Maganina," ya ce a hankali.

Allah ya bar su tare, ya sanyaya musu abin da ya saura.