Akwatin da Na Sauke daga Kariya

Shekara bakwai ban taka gida ba. Da na dawo, na tarar an sare bishiyar ƙofar gidanmu, shagon mai aski ya koma na cajin waya, karen maƙwabta da ke bina da haushi ya mutu, jikansa ya gaji aikin. Yaya ta yi aure ta koma wani gari, tafiyar awa biyu. Inna ta rage tsawo. Baba kuwa shekararsa biyu a ƙasa. Ina can ina kai wa mutane kaya a babur aka gaya mini rasuwarsa, a waya na yi kukana.

Abu ɗaya ne bai canza ba: babur ɗin Baba, a rumfa, lulluɓe da tsohon bargo. A kan kariya, wato ƙarfen ɗora kaya na can baya, akwatinsa na ƙarfe yana nan ɗaure kamar yadda na san shi tun ina yaro.

Kwana tara na yi, ƙafata ta fara ƙaiƙayi. Inna ta gane.

"Auta, na ga idonka ya koma kan hanya. Kafin ka sake ɓacewa, ka kai ni wurin Yayarka. Na gaji da hira da bango."

"To, sai mu ɗauki mota."

"Motar da nake fara amai tun daga tasha? Shekara talatin ina bayan ubanka a kan wannan abin. Ko kai ne ba ka iya ba?"

Ni da babur ke ciyar da ni? Na yi dariya na ɗauko robar ɗauri.

Ɗaurin kaya sana'ata ce. Mai nauyi ƙasa yake zama, kusa da tsakiya, dama da hagu daidai wa daida. Kan keken ɗinkin Inna na sa a jakar dama, tukwane da dutsen guga da littattafan Baba a ta hagu, na yi ta ɗagawa ina saukewa har suka yi kunnen doki. Kayan sawa na ɗora a kan tanki. Na ƙara wa shoka ta baya, mai tare girgizar hanya, tauri.

Sai akwatin. Na buɗe, babu abin gyara ko ɗaya. Matattun fulogi ne, da notuka masu tsatsa, da guntuwar sarƙa. Nauyi na banza, kuma a can wutsiya, inda yake ɗage tayar gaba ya sa kan babur rawa. Na kwance shi na ajiye a rumfa. Kariya ta zama fili fayau.

Na tura babur wurin mai facin bakin layi ya ƙara wa tayar baya iska. Tsohon abokin Baba ne. Ya dubi bayan babur, ya dube ni.

"Ɗan yawo, ina akwatin tsoho?"

"Na sauke, Kawu. Tarkace ne."

"Hm. Shi dai ko burodi zai sayo, da shi yake fita."

"Zamani ya wuce nan."

"Zamani," in ji shi, ya tofar da ashanar da ke bakinsa. "Allah ya kiyaye hanya."

Da la'asar muka shirya tashi, amma sallamar maƙwabta ta cinye mana rana. Inna ta fito ido jajir, ta hau ba ta ko dubi baya ba. Hular kwanon Baba ta yi mata yawa, sai ta rungume ta a cinya tsakanina da ita.

Awa ta farko, daɗi kamar a kan ruwa. Inna ta iya zaman baya. In na kwanta a kwana ta kwanta tare da ni, in na taka birki ba ta faɗo mini. Har na fara yi mata tsiya cewa zan ɗauke ta aiki.

Rana na gab da faɗuwa muka bar gidaje na ƙarshe. Hanyar ta shiga tsakanin duwatsu da dogayen itatuwa, babu mota gaba, babu baya. Akwai wani tsohon wurin shan mai da aka daina amfani da shi, kwalta ta farfashe a gabansa. Na rage gudu, na sauko giya biyu, muka ratsa ramukan a hankali.

A nan na ji.

Bayan babur ya nutse. Shoka ta yi ƙara, ƙiiit, irin wadda take yi in mutum ya hau.

Mai babur ba ya buƙatar sikeli. Hannuna ya san nauyin Inna, ya san na keken ɗinki. Wannan ƙari ne. Kuma a can baya yake, kan kariya.

Na ce a raina rami ne. Na ƙara wuta.

Kan babur ya yi sakayau a hannuna, kamar tayar gaba ba ta son taɓa ƙasa. Na kunna fitila, hasken bai sauka kan kwalta ba. Rassan itatuwa yake haskawa.

Kwana ta zo ta hagu. Na kwanta, Inna ta kwanta. Wani abu ya ja dama. Babur ya buɗe, tayar gaba ta lashi tsakuwar gefen hanya kafin na dawo da shi.

"Inna, ki daina gyara zama."

Sai muryarta, dab da kunnena, ƙasa ƙasa:

"Ban motsa ba."

Wani wari ya taso. Ba na mai ba, ba na taya ba. Warin rigar da ta kwana cikin ruwa, da toka mai sanyi.

"Auta," ta ce, "ina akwatin?"



"Yana gida."

Na ji yatsunta sun shige haƙarƙarina.

"Kada ka duba madubi. Kada ka tsaya."

Amma idon mai babur da kansa yake zuwa madubi. Na ga kafaɗar Inna. Na ga gefen mayafinta yana kaɗawa. Bayan kafaɗarta, inda ya kamata in ga jan sararin yamma, babu sarari. Wani abu ya tare shi. Dogo. Iska tana kaɗa komai, shi ba ta kaɗa shi.

Na mayar da ido kan hanya.

Numfashi uku nake ji. Nawa. Na Inna. Da wani mai tsawo, a hankali, kamar na wanda ya samu wurin hutawa.

"Sanyi," in ji Inna. "Ya jingina da bayana."

Hanyar ta fara gangara. Na san gangaren tun ina yaro: a ƙasansa akwai kwana mai kaifi, sai gada, sai rafi can ƙasa cike da duwatsu. Da nauyin nan a wutsiya, da abin da ke ja ta inda ba a so, ba za mu sha kwanar ba. Ni na taɓa faɗuwa sau huɗu, ƙashina ya saba. Inna faɗuwa ɗaya ta ishe ta.

Kan babur ya fara rawa. Dama, hagu. Dama, hagu. Tukwane na kaɗawa.

Duk jikina na cewa in damƙe birki. Na san in na damƙe mun tafi. Na sassauta hannu. Na saki totur kaɗan kaɗan. Na kwanta kan tanki don in ba tayar gaba nauyi.

"Inna, matso! Manne da ni!"

Ta matso.

Shi ma ya matso. Na ji shoka ta kai ƙarshe, ƙarfe ya daki ƙarfe.

Ga gadar.

Sai na ji Inna ta saki hannu ɗaya. Ta zare hular Baba daga tsakaninmu. Ta miƙa hannu baya, ba ta juya ba, ta kifa ta kan kariya da ƙarfi. Ƙwam.

"Bismillahi," ta ce, da muryar da take korar akuya daga kan shanya. "Wurin nan da mai shi. Sauka."

Bayan babur ya ɗago.

Hasken fitila ya faɗo kan kwalta. Tayar gaba ta kama ƙasa. Na kwanta, Inna ta kwanta, ƙafata ta goge ƙarfen gada, muka wuce.

Hannunta na kan hular har ƙofar gidan Yaya. Sai da muka ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya, sun yi sanyi kamar ƙanƙara. Kariya kuwa ta lanƙwashe ƙasa, ƙarfen da a da yake ɗaukar buhun siminti bai ce uffan ba.

Da safe Inna ta ba ni labari. Suna sabon aure hakan ta taɓa faruwa da su, a gaban wurin shan man nan. Tun ranar Baba bai sake barin kariya fili ba.

"Ubanka ba nauyi yake nema ba, wurin yake tarewa. Wurin zama in ya zama fili da magariba, akwai masu ganin gayyata ce."

"Me ya sa bai taɓa gaya mini ba?"

"Yaushe ka taɓa zama ka ji?"

Har yau Inna ba ta zama ta ba ƙofa baya, kuma ko ana zafi sai ta yafa bargo a kafaɗa. Ta ce wurin bai sake ɗumi ba.

Na bar Inna wurin Yaya, na koma gida da tsakar rana. Kawu mai faci ya miƙe kariyar da guduma.

Gobe zan tafi. Na so in zauna, amma ƙafar ba ta bari. Na shirya kayana yadda na iya, mai nauyi ƙasa, dama da hagu daidai. Sannan na ɗauko akwatin Baba na ɗora a wutsiya, inda duk mai hankali zai ce kuskure ne, na ɗaure da roba uku. Kan babur zai yi mini sakayau, na sani. Zan saba.

Ɗazu na zagaya shi sau biyu, ina neman inda ya rage fili. Sai idona ya sauka kan wurin zaman Inna.

Na shiga ɗaki neman abin da zan ɗaure a kai.