Ranar da Igiya ta Jiƙe

Ranar da Auta ta fara ganinsa, tsaye yake a tsakiyar lambun babanta yana kafa turaku kamar gadonsa ne. Ta zazzage masa masifar da sai da leburorinsa suka ajiye shebur. Shi kuwa Injiniya murmushi ya yi, ya ce za a yanko ruwan kogi da damina zuwa wani tafki, ya nutse a ƙasa, rijiyoyin unguwa su farfaɗo. Ta ce ba ta taɓa jin sakarci irin wannan ba, a jawo ruwa a binne shi.

Rijiyar gidansu shekara uku ke nan a ƙafe, kuma a nan ya zaɓi yin awo. Kullum da safe sai ya zura igiya mai ƙarfe a baki, ya jawo ta a bushe, Auta ta ja masa tsaki. Ita kanta ba ta san ranar da ta fara jiran sallamarsa ba.

Da Injiniya ya nemi aurenta, Baba ya rantse ba zai ba da 'yarsa ga wanda ya cinye masa rabin lambu ba. Mai tanka, wanda ke sayar wa unguwa ruwa kuma yake son Auta, kullum yana ƙofar gida yana zuga. Ƙarshe Baba ya yanke magana: in igiyar ta jiƙe kafin kaka ya ba Injiniya ita, in ba ta jiƙe ba kada ya sake taka masa gida.

Damina ta kankama, tafki ya cika, igiya dai a bushe. Injiniya ya ɗauke ƙafa kwana tara, mai tanka ya baza cewa ya gudu. Ran Auta ya yi baƙi ƙirin, ta tura wa Injiniya saƙo:

"Matsoraci. Ka cinye lambu, ka tafi da zuciyata, sannan ka ɓuya?"

Ya maido mata: "Barkonona, kunya ce ta hana ni zuwa. Ruwan ya ƙi nutsewa, na rasa dalili."

Ta nufi tafkin a fusace, ta tarar da shi zaune ya yi tagumi. Ta tattare zani ta shiga ruwan, ta damƙo lakar ƙasa ta murza. Auta a hannun kakarta maginiyar tukwane ta tashi, yatsunta sun san yumɓu.

"Kai da digirinka, randa ka gina mana," ta ce tana watsa masa lakar a takalmi. "Kogi ya shafe gindin da yumɓu, ta ina ruwa zai bi?"

Aka rufe magudanar, aka janye ruwan, aka kankare lakar. Ita ce kan gaba da shebur, tana aiki tana mita. Sannan aka sake buɗe wa kogi hanya.

Sati biyar bayan haka igiya ta fito tana ɗiga. Baba ya karɓa ya matse ta a tafin hannu, ya daɗe yana kallo, idonsa ya ciko.

"Allah ya yi muku albarka," ya ce. "Turo manyanka."

Ranar ɗaurin aure ruwan rijiyar aka ba baƙi. Injiniya ya raɗa mata ko ta huce yanzu. Ta harare shi, ta ce kwana taran nan sai ya biya su ɗaya bayan ɗaya, kuma tana da sauran rayuwa ta jira shi.